Giwan Ruwan da Baba Ya Ƙera a Garwa

Tun da na dawo daga Kamaru ban sayar da turmin atamfa ko ɗaya cikin natsuwa ba. Duk wadda ta shigo shago sai ta baje a kan benci ta ce, Uwani, ba mu labari. Na ba Hajiya Ladi, na ba Talatu, na ba matar tela, kowace ta je ta ƙara gishiri, har na ji an ce wai ni na tuƙo babur ɗin zuwa Jimeta, ni da ko keke ban iya ba. To ga shi na zauna na rubuta yadda aka yi. Wadda ta sake tambayata, takardar nan zan miƙa mata.

Waɗanda suka san gidanmu sun san sunan da ake kiran mahaifina da shi a majalisar ƙofar gida: Giwan Ruwa. Ba sunan yabo ba ne. Baba maƙerin akwatin ƙarfe ne, irin wanda ake zuba wa amare kaya a da, kuma a Garwa ta ƙasar Kamaru ya yi ƙuruciyarsa, can aka haife ni. Ya ce a shekarar da aka yi sabon shugaban ƙasa a Kamaru, wannan da har yau shi ne a kai, ya sami wani tsohon babur da ya mutu, ya tayar da shi, sannan ya ƙera masa riga ta farin kwano tun daga gaba har baya, sumul, mai siffar giwan ruwan da masunta ke fitarwa daga Binuwai. Ya ce in ya hau titi iska ba ta dukansa, gefe take bi ta wuce, kuma ni yake ɗorawa a gabansa mu zaga gari. Da Innata ta kwanta ciwon ajali, wani Fada Bature, limamin coci, a asibitin mishan ya yi ta ɗawainiya da ita. Shi ne Baba ya ba shi babur ɗin kyauta ranar da za mu kwaso kaya mu dawo Jimeta. Ba hoto, ba shaida.

Shekara da shekaru ana tsokanarsa. Abokinsa Alhaji Buba mai goro shi ne kan gaba. Yakan tambaye shi ko fetur babur ɗin ke sha ko ƙananan kifi ake ba shi, ko in ya ga ruwa yana tsalle ya faɗa. Baba yakan yi dariya ya sake ɗauko labarin daga farko. Amma da idonsa ya tafi, jiki ya yi rauni, sai ya daina. Rannan ina zaune jikokinsa suka ce ya ba su labarin Giwan Ruwa, ya ce su ƙyale shi, wataƙila mafarki ya yi. Wallahi sai da na shiga ɗaki na yi kuka. Ni na san ba mafarki ba ne. Ina tuna ƙarar iska, ina tuna ƙafafuna a cikin wani abu kamar aljihu. Amma in na faɗa sai a ce ai ina ƙarama a lokacin, labarin Baba ne ya zauna mini a kai.

Ana nan sai ɗan Goggo Asta, maƙwabciyarmu ta da a Garwa, ya turo mini hoto a waya. Hoton na ta yawo a can, an rubuta a ƙasansa: wa ya san irin wannan babur? Wani ya ce na Jamusawa ne, wani ya ce 'yan tseren Italiya ne suka bar shi, wani ya rantse sojan Faransa ne suka zo da shi. Ni ban kalli komai ba sai gefensa. Akwai wani ɗan murfi da aka sa wa maratayin kwaɗo, irin na akwatin amare sak. Na je na kwatanta wa Baba. Sai ya ce, "Kar ki wahalar da kanki, Uwata." Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, haka yake kirana. Ku da kuka san halina, wannan maganar ce ta sa na fara haɗa kaya.

Maigida ya amince, amma ya ce sai da rakiyar ƙanena Sani. Sani a Jimeta aka haife shi bayan Baba ya sake aure, kuma ko kaɗan bai taɓa yarda da zancen babur ba. Ya faɗa mini ƙiri-ƙiri cewa shi gasasshen kifin Garwa zai je ci, in kuma an ga babur to ribar ƙafa ce.

Muka shiga motar Gurin da sassafe, daga can muka hau acaɓa zuwa bakin kogin Faro. Ruwa ya fara ja, sai taɓo a baki. Kwalekwale ɗaya ake loda wa mutane da buhuna da babura, duk a haɗe. Na sayi sabon takalmi musamman don tafiyar nan, don kada mutanen Garwa su raina ni. Ina ɗaga ƙafa zan shiga jirgi, taɓo ya riƙe wari ɗaya ya ƙi saki. Mai jirgi ya laluba da sandarsa, ya ce Hajiya sai haƙuri. Haka na shiga ƙasar haihuwata da takalmi wari ɗaya, Sani na dariya har jirgi na tangaɗi.

A tsallake muka tarar da jandarma, wato 'yan sandansu na kan hanya. Wanda ya karɓi takardunmu ya dubi fuskata, ya dubi ƙafata, ya zuba Faransanci. Na mayar masa da Fulatancinmu na Jimeta, ashe shi mutumin kudu ne, bai ji ko kalma ba. Wata tsohuwa mai sayar da gyaɗa ce ta yi mana tafinta. Ya tambayi abin da ya kawo mu, na ce neman babur. Nan take ya haɗe rai, ya zaci an sace mana ne aka tsallako da shi. Da Sani ya nuna masa hoton sai ya manta da mu, ya kira abokan aikinsa suka yi cirko-cirko a kan waya, kowa na faɗin ƙasar da ta ƙera shi. Ya buga mana hatimi, ya ce wa tsohuwa ta gaya mini in na gano asalinsa in biyo in faɗa masa. Na sayi silifa a gefen hanya, muka nemi motar Garwa.

Abu na farko da ya ba ni dariya a Garwa, su ma suna da unguwa Jambutu kamar tamu, kuma a can Goggo Asta take. Ina yin sallama ta dube ni ta kira sunan Innata, ta rungume ni, muka yi kukanmu muka gama. Hausarta na nan daram, sai dai Fulatanci da Faransanci sun shiga ciki sun yi kane-kane. Unguwa katiye ce, tashar mota ajans, kowane dattijo kuma Papa ne. Da safe ba koko da ƙosai aka kawo mana ba, wani dogon burodi ne kamar sanda, a tsaga shi a zuba wake a ciki. Na ce yau ga ikon Allah, amma kafin mu bar garin ni ke aikawa a ƙaro. Miyar yakuwa su folere suke ce mata, kuma gaskiya sun fi mu iya ta. Da rana tsaka gari kan mutu murus, shaguna a rufe, kowa ya je ya kwanta. Na ce da a Jimeta ne da maƙwabcinka ya kwashe maka masu saye. Sani ya sami kifinsa a bakin gada, ya ci har ya kasa sunkuyawa.

Na tambayi Goggo ko ta taɓa ganin babur ɗin. Ta ce ina, ai lokacin tana cikin kulle, ƙararsa kawai take ji ta bayan katanga. Sai ta ce abin da take tunawa dai, wata rana Innata ta shigo mata a fusace, wai Malam Garba, wato Baba, ya farke matashin kanta na aure ya kwashe audugar rimin ciki ya tafi da ita maƙera. Ta ce sun daɗe suna dariyar abin, amma ba ta san me ya yi da ita ba. Ni ma ban sani ba, na dai ajiye maganar a raina. Ɗanta ya bi diddigin hoton, ya gano a wani ƙauye ne kusa da Rai Buba, a gidan wani tsohon malamin asibiti da ake kira Papa Matiyu.

Shiga mota a can ba kamar namu ba ne da kowa zai yi rububi. A ajans sai ka ba da katinka, ka koma ka zauna, in mota ta cika a kira sunaye ɗaya bayan ɗaya kamar a makaranta. Na yaba da tsarin har sai da na ga yadda ake cusa mu a layi, gwiwar wani Bafulatani a cikin haƙarƙarina, awakinsa a saman mota. Ba mu yi nisa ba ɗaya daga cikinsu ta yi abin da ta yi, ya gangaro ta taga ya sauka a kafaɗar Sani. Na ce alhakin dariyar takalmina ne. Duk shingen da aka iso kowa zai sauka, ya nuna kati, ya taka da ƙafa ya tarar da mota a gaba. Bayan mun bar kwalta muka shiga dajin da gwamnati ta keɓe wa namun daji, taya ta fashe. Muna tsaye a gindin bishiya, wani ƙaton gwaggon biri ya fito ya fizge dogon burodin da Goggo ta yi mana guzuri daga hannun Sani, ya koma gefe ya zauna yana ci yana kallonmu. Direba ya ce mu gode Allah shi kaɗai ya zo.

A Colire muka kwana, a gidan wasu Hausawa 'yan kasuwa da kakanninsu suka zo daga Katsina. Ba su san mu ba, direba ne kawai ya ce ga baƙi daga Nijeriya, suka share mana ɗaki, aka yi mana tuwon dawa. Matar gidan ta yi ta tambayata yadda Katsina take, garin da ba ta taɓa gani ba, ni ma kuma ban taɓa zuwa ba, amma na kwatanta mata iya abin da na ji. Da gari ya waye muka hau acaɓa, mu biyu a bayan mutum ɗaya, har ƙauyen.

Papa Matiyu dogon tsoho ne, Kirista, mutumin kan dutse da aiki ya kawo nan ya zauna. Hausarsa ta kasuwa ce amma tana fita. Ya sa matarsa ta kawo mana ruwa da dafaffiyar gyaɗa, ya saurare ni har na gama, sannan ya girgiza kai. Ya ce tun da hoton nan ya fita mutane ke zuwa, kowa da labarinsa. Shi dai abin da ya sani, Fada ne ya ƙera shi da hannunsa saboda aikin asibiti, da zai koma ƙasarsu ya bar masa. Hujjarsa kuwa, akwai aljihu biyu a jiki, dama da hagu, waɗanda zafin inji ba ya shiga. A ciki ya yi shekaru yana ɗaukar allurar rigakafi zuwa ƙauyuka, ba ta lalacewa. Ya ce wa zai yi wannan tunanin in ba likita ba? Raina ya ɓaci, amma na danne, na ce a dai nuna mana.

A rumfa yake, kusa da rumbu, an lulluɓe shi da tsohuwar tabarma. Da aka yaye, na matsa kusa. Ya yi ƙura, taya duk ta saɓe, injin ya daɗe da mutuwa, amma ga shi nan, dogo, fari, baki a tsuke, ciki a buɗe, wutsiya siririya. Na tarar da murfin nan mai maratayin kwaɗo a ɗage, na zura hannu a aljihun hagu, sai na ji sara a yatsa. Ashe kaza ce ke kwanci a ciki. Ta fito da kururuwa, ni ma na yi tawa, matar Papa Matiyu ta yi dariya har da riƙe ciki.

Da kaza ta ba ni wuri na sake zura hannu har ƙasa. Na taɓo ɗan katako a shimfiɗe, gajere, bai kai tafin hannuna ba. Na ce wa Papa Matiyu ya taɓa ya ji, wannan matakin ƙafar yaro ne, kuma aljihun ya dube shi da kyau, a lanƙwashe yake kamar gwiwa. Ya ce shi a kansa yake jera kwalabe. Na juya in kira Sani ya taya ni magana, sai na gan shi tsugune yana bin bakin kwanon da babban yatsansa. Baba yana da wata kalmasa da yake yi wa bakin akwati, ninki biyu sannan ya mayar da kaifin ciki, don kada ya yagi zanen amarya. Sani a maƙerar ya tashi, ya san ta. Ya ɗago, idonsa ya yi ja, ya ce, "Yaya, hannun Baba ne."

Papa Matiyu bai gamsu ba, kuma ban ga laifinsa ba. Mutum ya yi rabin rayuwarsa yana ba da labari iri ɗaya, ba ya sakinsa don wata baƙuwa mai silifa ta zo. Na ce to bari mai abu ya yi magana. Sai da muka gangara kusa da cocinsu aka sami sabis, na kira gida aka kai wa Baba waya, muka dawo a hankali ina ɗaga ta sama kada ta yanke. Na ce Baba ga ni a gabansa. Ya ce in ƙwanƙwasa wutsiya. Na ƙwanƙwasa, ta yi ƙara kamar garwar ruwa. Ya ce in ƙwanƙwasa bangon aljihu ta wajen inji. Na ƙwanƙwasa, sai wani sauti a toshe, dum, dum.

Ya nemi a ba shi mai gida. Suka gaisa kamar sun san juna, Baba na ce masa Malam, shi ma yana ce wa Baba Malam. Baba ya ce, "Kwano biyu ne a wurin. Na shafa wa na ciki yumɓu, na cusa audugar rimi a tsakani. Ba don magani na yi ba, Malam. 'Yata nake ɗorawa a gaba, ina tsoron inji ya ƙona mata ƙafa."

Papa Matiyu ya miƙo mini wayar. Matarsa ta gaya mini daga baya cewa ko jikokinsa bai yarda su jingina da babur ɗin ba. Amma da kansa ya shiga ɗaki ya ɗauko kurfi da guduma, ya durƙusa, ya buɗe kalmasar a hankali. Busasshen yumɓu ya zubo. Ya sa yatsu biyu ya jawo, sai ga audugar rimi, a dunƙule, ta sha shekaru. Nan maganar Goggo Asta ta faɗo mini. Matashin kan Innata ne nake kallo a hannun wannan bawan Allah.

Ya zauna a ƙasa ya ce yanzu da ya tuna, Fada bai taɓa cewa shi ya ƙera ba. Cewa ya yi kyauta ce daga wani mutumin kirki, su ne suka ƙarasa sauran da bakinsu. Ya karɓi wayar da hannu biyu ya ce, "Malam Garba, kai don 'yarka ɗaya ka yi. Amma yaran ƙasar nan da yawa suna raye saboda aljihun nan. Wasunsu yanzu suna da jikoki." Na sa Sani ya ɗauki wannan maganar a waya, ya sa shi ya maimaita, ya kuma ɗauki babur ɗin ta kowane gefe. Ni kuwa kaina ya yi girma har ina jin ɗankwalina ya matse ni.

Ban nemi a ba ni babur ɗin ba. Baba kyauta ya yi, kuma ya sami gidan da ake ganin darajarsa. Audugar kawai na roƙa, Papa Matiyu ya naɗe mini ita a ƙyalle, matarsa ta haɗa mini da ƙwan kazar da ta sare ni, wai diyya. A hanyar dawowa na biya wurin jandarman nan kamar yadda muka yi. Tsohuwa mai gyaɗa na nan, na ce ta gaya masa ba Jamus ba ce, ba Italiya ba ce, Jambutun Garwa ce, kuma ubana ne. Ya miƙe tsaye ya sara mini.

Bayan la'asar muka iso gida, majalisa ta cika. Sani bai ko ajiye jaka ba ya miƙa wa Alhaji Buba waya. Ina laɓe a zaure ina jin muryar Papa Matiyu na fita, waya na zagawa hannu zuwa hannu. Da ta ƙare Alhaji Buba ya cire hularsa ya sake mayarwa, ya ce, "Malam Garba, ka yafe mana." Na zaci Baba zai yi musu dogon jawabi, don ni da ni ce sai sun gaji da jina. Cewa ya yi ba komai, ya tambayi ina Uwata.

Na fito na durƙusa a gabansa, na kwance ƙyallen na sa masa a tafin hannu. Ya kai hanci ya shinshina, ya daɗe a haka. Sannan ya shiga juya ta da yatsunsa. Gefe ɗaya ya ƙone ya yi baƙi, ya sandare kamar ƙanzo. Ɗaya gefen kuwa fari ne, da laushinsa.

Ya shafa mai taurin ya ce, "Nan wajen inji ne." Ya juya ya shafa mai laushin, ya laluba ya kamo hannuna ya ɗora a kai. "Nan kuma wajenki."